Yadda kwamiti ke zaɓar binciken lafiyar da za a ba kuɗi, daga sanarwa zuwa hukunci

Duk hukumar da ke ba da tallafin binciken lafiya tana karɓar takardun neman tallafi masu kyau fiye da waɗanda kuɗinta zai iya ɗauka. A Amurka, Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, wato NIH, sun shafe shekaru suna ba wa kusan ɗaya cikin kowace takarda biyar tallafi. Sauran huɗun da aka mayar, da yawansu ba su da wani babban aibi. Saboda haka kwamitin tantancewa yana da aiki biyu: ya fitar da maras kyau, wanda shi ne mai sauƙin, sannan ya jera masu kyau bisa hujjar da za a iya karewa. Matakan da ke biye su ne hanyar da manyan hukumomi ke bi, kuma za su amfani wanda aka gayyata ya zauna a kwamiti, da wanda zai kafa kwamitin, da mai neman tallafin kansa.

Tun daga sanarwa

Tun ran gini tun ran zane. Kafin takarda ko ɗaya ta iso, hukuma kan fitar da sanarwa mai fayyace cutar ko matsalar da take son a bincika, da wanda ya cancanci nema, da iyakar kuɗi, da tsawon shekaru, da ma'aunin da za a yi hukunci da shi. Ma'aunin nan ba a canza shi bayan an rufe karɓa. Kwamitin da ya ƙirƙiro sabon sharaɗi ranar zama ya zalunci duk wanda ya rubuta takardarsa bisa abin da aka sanar.

A nan ne kuma ake yanke babban hukuncin da ba kasafai ake lura da shi ba, wato wace cuta ce za ta samu kaso. A 1990 wata hukumar ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya ta nuna cewa ɗan kaɗan ne daga kuɗin binciken duniya ke zuwa ga cututtukan ƙasashe matalauta, inda mafi yawan mace-macen da za a iya kauce wa ke faruwa, abin da daga baya aka riƙa kira giɓin 10/90. Kwamitin tantancewa ba zai iya gyara wannan ba in sanarwar ba ta buɗe ƙofa ba. A Birtaniya, ƙungiyar James Lind Alliance, da aka kafa a 2004, kan zaunar da majinyata da masu jinya da ma'aikatan lafiya su fitar da tambayoyi goma mafi muhimmanci a kan wata cuta, hukumomi kuma su duba su wajen tsara sanarwa.

Tacewar ma'aikata da rabon aiki

Da zarar an rufe karɓa, ma'aikatan hukuma ne ke fara dubawa, kuma ba ruwansu da ingancin ilimin da ke ciki. Suna duba ko an cika shafukan da aka ƙayyade, ko shugaban jami'a ko wakilinsa ya sa hannu, ko kasafi bai haura iyaka ba, ko binciken ya shiga cikin abin da aka nema. A babban tallafin NIH da ake kira R01, manufofin bincike shafi ɗaya ne, bayanin tsarin aikin kuma shafi 12. Wanda ya wuce, ana iya mayar masa da takardarsa ba tare da wani masani ya karanta ba.

Sai jami'in tantancewa ya raba takardun. Yawanci kowace takarda tana samun masu nazari uku. Jami'i mai lura ba ya ba wa likitocin fanni ɗaya su uku, yakan haɗa wanda ya san cutar, da wanda ya san hanyar binciken, da masanin ƙididdiga in gwajin magani ne a kan mutane. Wasu hukumomi, kamar NIHR ta Birtaniya, kan sa majinyata da wakilan jama'a a kwamiti, kuma su ne sukan lura cewa mai ciwon da ake magana a kai ba zai iya zuwa asibiti sau biyu a mako har tsawon shekara ba.

Kafin kowa ya buɗe takarda, sai ya bayyana alaƙarsa da mai nema. Ƙa'idar NIH ita ce wanda suke ma'aikata ɗaya da mai nema, ko suka yi aiki ko suka wallafa tare a cikin shekaru uku da suka wuce, ko yake da wata riba ta kuɗi, ba ya nazarin takardar, kuma yakan fita daga zaman in an zo kanta. Gaba ma alaƙa ce. Wanda ya daɗe yana sa-in-sa da mai nema a kan wata mas'ala ya kamata ya faɗa. Ana kuma sa hannu a kan riƙe sirri, domin takardar cike take da dabarun da ba a wallafa ba. Saboda wannan ne NIH ta hana masu nazari zuba takardun a manhajojin ƙirƙirarriyar basira tun 2023.

Karatun mai nazari shi kaɗai

Wannan matakin ne ya fi kowanne nauyi. Mai nazari kan samu makonni kaɗan, ya karanta kason da aka ba shi, ya rubuta ƙarfi da raunin kowace takarda, ya sa makin farko kafin ya ga na sauran. Sa maki a keɓe yana da dalili: in mutum ya ga ra'ayin babban farfesa tun farko, da wuya ya saɓa masa.

Hukumomi sun bambanta a ma'auni. Shirin Horizon na Tarayyar Turai yana auna abu uku, ingancin ilimi da tasiri da yadda za a aiwatar, kowanne daga 0 zuwa 5. A ƙa'idar da aka saba, sai takarda ta samu aƙalla 3 a kowanne da jimillar 10 kafin a sa ta a layi. NIH ta daɗe tana amfani da ma'aunai biyar, amma daga Janairun 2025 ta haɗe su zuwa uku: muhimmancin binciken, da tsaurin hanyarsa da yiwuwar kammala shi, da ƙwarewar masu yi da kayan aikinsu. Na farko da na biyu ana ba su maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ne mafi kyau. Na uku kuwa ba a sa masa lamba, sai dai a ce ya wadatar ko akwai giɓi, don kada sunan mutum ko na jami'arsa ya rinjayi hukunci.

Ko wane ma'auni aka ɗauka, tambayoyin da mai nazari ke yi wa takarda kusan iri ɗaya ne, kuma ya kamata a yi su a jere.

Ta farko: ba a riga an amsa wannan tambayar ba? Takarda mai kyau takan nuna cewa an tattara binciken da aka yi a baya, an tace shi, an ga inda giɓin yake. A 2009 Iain Chalmers da Paul Glasziou sun ƙiyasta a mujallar Lancet cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na abin da ake kashewa a binciken lafiya yana tafiya a banza, saboda tambayar da ba ta dace ba, ko tsari maras kyau, ko sakamakon da ba a wallafa ba, ko rahoton da ba ya amfanuwa. Maimaita gwajin da aka riga aka san amsarsa ɓarnar kuɗi ce, kuma jefa majinyata ne cikin haɗari ba gaira ba dalili.

Ta biyu: in an samu amsar, me zai canza? Cewa cuta tana kashe mutane da yawa bai isa ba. Masu nema da yawa kan cika shafi biyu da alƙaluman mace-mace, su kasa faɗin abin da likita ko ma'aikatar lafiya za su yi daban bayan sakamakonsu ya fito.

Ta uku ita ce wadda ta fi kayar da takardu: tsarin da aka zana zai iya amsa tambayar? A nan mai nazari kan rage gudu. Yana neman babban abin aunawa guda ɗaya da aka ayyana tun farko, da lokacin da za a auna shi. Takardar da ta lissafo abubuwa goma sha biyu ba ta ce wanne ne babba ba ta buɗe wa kanta hanyar zaɓar wanda ya yi daɗi bayan an gama. Yana neman rukunin kwatance, da yadda za a raba mahalarta ba da zaɓin mai bincike ba, da ko wanda zai auna sakamako ya san rukunin da majinyaci yake ciki.

Sai lissafin yawan mahalarta, kuma ya kamata mai nazari ya ɗauki biro ya sake shi da kansa. A ɗauka takarda ta ce sabon magani zai rage masu sake kamuwa da ciwo daga kashi 30 cikin ɗari zuwa 20. A ma'aunin da aka saba, wato damar gano bambancin kashi 80 cikin ɗari da haɗarin kuskure kashi 5, ana buƙatar mutum kusan 295 a kowane rukuni. In ana sa ran ɗaya cikin goma zai daina zuwa, sai adadin ya koma kusan 330, wato 660 gaba ɗaya. To amma daga ina aka samo wannan ragin na maki goma? In abin da ake iya tsammani a zahiri shi ne daga 30 zuwa 25, ana buƙatar kusan 1,250 a kowane rukuni, ninki huɗu ke nan da 'yan kai. Abin da yakan faru shi ne mai nema ya fara da kuɗin da ake bayarwa, ya ga mutum nawa za su ɗauka, sannan ya zaɓi girman bambancin da zai sa lissafin ya daidaita. Irin wannan gwajin kan ƙare ba tare da amsa ba, an kashe kuɗi, an ɗebi jinin mutane, ba a san ko maganin yana aiki ba.

Daga nan sai a duba samun mahalartan. In asibitocin da aka ambata suna ganin masu wannan ciwon 20 a wata, rabinsu ne suka cika sharaɗi, rabin waɗannan kuma suka yarda, ana samun 5 a wata. Mutum 660 a haka zai ci shekara 11, tallafin kuwa na shekara huɗu ne ko biyar. Rashin samun mahalarta a kan lokaci yana cikin manyan abubuwan da ke durƙusar da gwaje-gwajen asibiti, shi ya sa kwamiti ke son ganin rajistar asibiti ko sakamakon ɗan gwajin share fage maimakon alƙawari.

Akwai wani rauni da ke ɓuya a shafin manufofi: manufa ta biyu da ta uku su dogara kacokan a kan nasarar ta farko. In ta farkon ta ci tura, aikin duka ya rushe. Takarda mai ƙarfi takan faɗi abin da za a yi in abin da ake zato bai tabbata ba.

Kare mahalarta ma yana shiga maki. Ana duba yadda za a fahimtar da mutum kafin ya amince, da harshen da yake ji, da abin da za a yi wa wanda magani ya cutar, da ko akwai kwamiti mai zaman kansa da zai iya tsayar da gwajin in haɗari ya bayyana. Tushen waɗannan ƙa'idoji shi ne Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda aka sake sabuntawa a 2024. Ana kuma tambayar dalilin cire mata ko yara ko tsofaffi in an cire su. Wannan dubawar ba ta maye gurbin amincewar kwamitin ɗa'a, wanda shi dabam yake zama.

Waɗanda ba za su kai teburi ba

Ba a iya tattauna takarda 80 a kwana biyu. Shi ya sa ake jera su bisa makin farko a ware na ƙasa. Al'adar da NIH ta daɗe a kai ita ce a ajiye kusan rabi ba tare da tattaunawa ba, masu su kuma a aika musu da sharhin masu nazari. Kowane ɗan kwamiti yana da damar cewa a ceto wata takarda a tattauna ta. Ya kamata a yi amfani da damar nan duk inda makin ya watse, misali ɗaya ya ba da 2 wani ya ba da 7, domin matsakaicin irin wannan makin ba ya nuna ra'ayin kowa, kuma sau da yawa sabuwar dabara ce ke raba kan masana haka.

Wasu hukumomi, kamar Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, kan aika wa mai nema sharhin ya mayar da martani a rubuce kafin zama. Wasu, kamar Wellcome, kan kira waɗanda suka tsallake a yi musu tambayoyi baki da baki.

Ranar zama

Kowace takarda kan samu kamar minti 15 zuwa 20. Shugaba ya sanar da ita, masu alaƙa su fita. Masu nazari uku su faɗi makinsu na farko. Na farko ya taƙaita aikin da abin da ya sa ya ba da makin, na biyu da na uku su ƙara abin da bai faɗa ba kawai, sannan a buɗe wa kowa. A ƙarshe shugaba ya taƙaita inda aka dace da inda aka saɓa, masu nazarin su sake faɗin makinsu. Makinsu mafi ƙasa da mafi sama su ne iyakar da sauran za su jefa nasu a ciki, a asirce. Wanda zai fita daga iyakar sai ya faɗa a fili, ya kawo dalili.

A NIH ana ɗaukar matsakaicin makin duk waɗanda suka jefa a ninka da 10, sai ya faɗa tsakanin 10 da 90. In mutum 20 suka jefa, jimilla ta zama 48, matsakaici 2.4 ne, makin takardar 24. Da yake wani kwamitin yana da rowar maki wani kuma yana da kyauta, sai a mayar da makin zuwa matsayi cikin ɗari, ta hanyar kwatanta shi da takardun da kwamitin ya duba a wannan zama da zama biyu da suka gabata. Kasafin kuɗi ana duba shi ne bayan an gama sa maki, don kada tsada ko araha ta shafi hukuncin ilimi. A nan kwamiti zai iya cewa a rage ma'aikaci ɗaya, ko a cire na'urar da ba a nuna amfaninta ba, ko a rage shekara.

Abubuwan da ke ɓata zama sanannu ne. Mai magana na farko kan kafa ra'ayin da sauran za su bi, musamman da yake mafi yawan masu jefa maki ba su karanta takardar duka ba. Tattaunawa kan karkata ga ƙirga ƙananan kurakurai har a manta da babbar tambaya, sai aikin da bai da aibi kuma bai da wani tasiri ya haye kan aikin da zai iya kawo sauyi. Gajiya kan sa takardun yamma su samu gajeren lokaci. Maganin waɗannan yana hannun shugaba: ya tambayi mai suka ko raunin da ya ambata zai hana a samu amsa ne ko gyara ne na wasiƙa ɗaya, ya ba ƙananan masana dama su yi magana kafin manya, ya kuma tsaya lokaci-lokaci a duba ko ma'aunin safe shi ne na yamma.

Son rai kuma an auna shi. Binciken da Donna Ginther da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2011 ya gano cewa baƙaƙen fata masu neman R01 suna ƙasa da fararen fata da maki goma cikin ɗari wajen samun tallafi, ko bayan an yi la'akari da karatu da wallafe-wallafe da wurin aiki. A Kanada, nazarin takardu kusan 24,000 da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa mata sun fi faɗuwa a shirin da ke auna mai binciken, giɓin kuma ya ragu sosai a shirin da ke auna aikin. Darasin a aikace shi ne a fara da takardar kafin tarihin mai ita, kuma kada a auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, kamar yadda DORA, sanarwar masana ta 2012 kan yadda ake auna bincike, ta nema. Sabbin masu bincike kuma a tattauna takardunsu a rukuni ɗaya, don kada a kwatanta su da wanda ya shekara talatin yana aiki.

Daga maki zuwa kuɗi

Kwamitin masana ba ya ba da kuɗi, shawara yake bayarwa. A NIH akwai mataki na biyu, majalisar ba da shawara ta kowace cibiya, wadda ta ƙunshi masana da wakilan jama'a, hukuncin ƙarshe kuma na daraktan cibiyar ne. Hanyar da aka saba bi a NIH kafin 2026 ita ce a bi jerin daga sama ana biya har inda kuɗin shekarar ya tsaya, tare da ware wani kaso don takardun da suka faɗo ƙasa da layin amma suka cike wani giɓi, kamar cutar da ba a ba kowa tallafi a kanta ba. Duk tsallaken da aka yi ya kamata a rubuta dalilinsa a ajiye.

Kusa da layin nan ne maki ke rasa ma'ana. Nazarin tallafin NIH sama da 100,000 da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa tsakanin matsayi na 3 da na 20 cikin ɗari, makin bai iya hasashen wanda zai fi fitar da sakamako ba. Bambancin 24 da 26 zai iya zama bambancin wanda aka ba takardar ya karanta ne kawai. Wasu hukumomi sun karɓi wannan gaskiyar. Majalisar Binciken Lafiya ta New Zealand, a 2013, ta fara tace takardun wani tallafinta na sabbin dabaru, waɗanda suka cancanta kuma a zaɓa daga cikinsu ta hanyar canki-canka. Hukumar tallafin kimiyya ta Suwizalan ma tana yin haka ga takardun da kwamiti ya kasa bambancewa. Wannan ya fi a ƙirƙiro hujjar da babu ita, muddin an sanar da tsarin tun a cikin sanarwa.

Wanda ya yi nasara ba ya karɓar kuɗi nan take. Sai ya kawo amincewar kwamitin ɗa'a, ya yi wa gwajinsa rajista a kundin da jama'a ke iya gani kafin a ɗauki mahalarci na farko, ya amince da tsarin adana bayanai da raba su, wanda NIH ta wajabta daga Janairun 2023. A manyan gwaje-gwaje ana sakin kuɗin ne kashi-kashi, bisa cika adadin mahalartan da aka yi alƙawari a kowane zango. Daga miƙa takarda zuwa fara aiki a NIH kan ɗauki kusan wata tara ko goma.

Wanda bai samu ba kuma yana da haƙƙin samun sharhi mai amfani. "Tsarin bai gamsar ba" ba sharhi ba ne. Sharhin da ya dace shi ne wanda ya ce ragin da aka ɗora lissafi a kai ya fi abin da gwaje-gwajen baya suka nuna, a sake lissafi ko a ƙara asibitoci. NIH tana ba da damar sake miƙa takarda sau ɗaya a matsayin gyararriya, cikin wata 37, tare da shafi ɗaya na bayanin abin da aka canza. A shafin nan mai nema ya amsa kowace babbar suka, ya nuna inda gyaran yake, inda kuma bai yarda ba ya kawo hujja cikin ladabi. Ɗaukaka ƙara ana karɓarta ne a kan kuskuren tsari, kamar mai nazari da ke da alaƙar da bai bayyana ba, ko rashin masanin fannin a kwamiti, ko kuskuren gaskiya da ya shafi maki. Saɓanin ra'ayi na ilimi ba ya cikin abin da ake ɗaukaka ƙara a kai.